Ruwan Tukunyar Allurai

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Zuhura ta sauke tukunyar allurai daga kan murhu. Aikin kowace yamma ne a ƙaramin gidan likitan nan, na wani ƙauye da ke tsakanin Korgom da Bawdeta. A wancan zamani ba a yar da allura don an yi aiki da ita sau ɗaya. Sirinji na gilashi ne, almakashi da hantsaki na ƙarfe ne, kuma duk abin da ya taɓa jikin majinyaci da rana sai an dafa shi da yamma kafin ya taɓa wani da safe.

Shekarar fari ce, fari na biyu, wanda ya tarar da sojoji sun daɗe bisa mulki. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Rijiyoyi sun ja baya, har guga kan fito da rabin ruwa rabin laka. Saboda haka Majo Sha'aibu, shugaban gidan likitan, ya kafa doka: ruwan tukunya ba a zubar da shi. A bar shi ya huce, da safe a wanke daɓe da shi.

Ko babu dokar Majo, Zuhura ta san wata wadda ta girme ta. Tun tana yarinya a Mayahi mahaifiyarta ta sha faɗa mata cewa ba a watsa ruwan zafi a ƙasa, balle a juji, balle da magariba. Akwai masu zama a irin waɗannan wurare da ido ba ya gani, kuma a lokacin ne 'ya'yansu ke fitowa wasa. Idan ya zama dole, a sirka da ruwan sanyi, a yi bisimilla da ƙarfi, a ba su damar kaucewa. Babu 'yar Bahaushen da ba ta san wannan ba. Kada wani ya ce rashin sani ne ya kai ta.

Abin da ya kai ta ƙyama ce.

Zuhura ta fito daga ƙaramar lakkwal, wato makarantar jinya, ta Damagaram da takardar ƙaramar ma'aikaciya. Burinta babban dipulom na gwamnati, wanda ke mayar da mace cikakkiyar ma'aikaciyar jinya, ta riƙe gidan likita da kanta, ko ta zarce ɗakin tiyata, ko ɗakin haihuwa. Hanyar guda ce: gasar shiga babbar lakkwal ta Yamai. Kuma ba mai zama gasar sai wanda shugaban wurin aikinsa ya miƙa sunansa ta ofishin lafiya na Tasawa. Kanta na ja, hannunta na da sauƙi wajen allura, rigarta kullum fara fat duk da ƙarancin ruwa. Amma idan aka kwance ciwo a gabanta, sai fuskarta ta tafi bango.

Farin ya koro mutanen arewa, makiyaya da dabbobinsu suka ƙare a hanya, suka kafa 'yan bukkoki a bayan gari. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai suna Tanna, da wani tsohon gyambo a ƙwauri wanda yunwa ta buɗe shi ya yi faɗin tafin hannu. Majo ya ajiye ta a rumfar da ke gefen gidan likitan don a riƙa wanke mata shi kullum. Ranar da aka fara ba Zuhura aikin, tana ɗaga ƙyallen, warin ya bugo ta. Ta kau da kai, ta yamutsa fuska, ta tofar da yawu a ƙasa, a gaban matar. Tanna ta ja gefen zanenta ta rufe ƙafar, kamar wadda aka kama da abin kunya.

Majo yana tsaye a bakin ƙofa. Bai yi mata faɗa a gaban majinyaciya ba. Sai da suka shiga ciki ya miƙa hannu, ya ce ta ba shi abin da ke aljihunta. Ɗan gwangwanin mantaleta ne, wanda takan shafa a ƙarƙashin hanci kafin ta tunkari ciwo.

"Madmazel," ya ce, "hancin ma'aikacin jinya kayan aiki ne, kamar almakashi. Da shi ake gane ciwon da ke warkewa da wanda ke ruɓewa, tun ido bai gani ba. Ke kin toshe naki, kuma kin tofa wa uwar wani yawu. Ba ni kai sunanki Tasawa sai ranar da na ga kin wanke ƙafar matar nan kina kallonta, hancinki a buɗe."

Ya mayar mata da gwangwanin. Ya ce ba zai ƙwace ba, ita za ta yar da kanta.

To, a yammacin da ake magana, kayan da aka yi aikin ƙafar Tanna da su ne a cikin tukunyar. Zuhura ta tsame su da hantsaki, ta jera a faranti, ta rufe. Sannan ta dubi ruwan. Wani kumfa mai launin toka ya taru a samansa, da maiƙo-maiƙo. Wani guntun ƙyallen ɗaurin ciwo yana yawo a ciki, da wani abu rawaya manne da shi. Tururin ya taso ya shafe mata fuska, ɗumi da ƙarni. Ta tuna gobe da safe hannunta ne zai shiga ruwan nan da tsumma.

Ta naɗe hannuwan tukunyar da ƙyalle, ta ɗauka, ta zagaya baya. Can ƙarshen fili akwai jujin da ake ƙone tsofaffin bandeji, gindin wata busasshiyar aduwa. Ladan bai kira salla ba tukuna, amma hasken ya riga ya mutu. Ta ɗauke numfashi tun daga bakin ƙofa don kada tururin ya shige ta. Wanda ya ɗauke numfashi kuwa ba ya iya bisimilla.

Ta watsa.

Ƙasa ta yi cuu. Sai wata ƙara ta tashi daga gindin aduwar, siririya, gajeriya, kamar ta ɗan akuyan da aka taka.

Zuhura ta tsaya da tukunya a hannu. Babu akuya ko ɗaya da ta rage a garin. An sayar, ko an yanka, ko sun mutu. Ta kasa kunne. Shiru. Ta koma ciki da sauri, ta ce wa Majo tukunyar ce ta suɓuce mata. Ya yi mata faɗan asarar ruwa, magana ta wuce.

Amma wurin bai bushe ba. A ƙasar da ko fitsarin jaki ba ya daɗewa kafin rairayi ya shanye shi, wannan wuri mai faɗin faifai ya kwana da danshi, ya wuni da danshi. Bayan 'yan kwanaki ya yi baƙi. Korayen ƙudaje suka same shi. Zuhura ta daina bi ta baya.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa kwamandan Tasawa, mai mulkin yankin, wanda a lokacin soja ne, yana kiran duk shugabannin gidajen likita kan maganar rabon hatsin agaji. Kiran soja ba a tambayar dalilinsa. Majo ya ɗaure jaka a bayan babur, ya ce sai gobe zai dawo, kuma a makon ne za a rufe karɓar sunayen masu gasa. Ya gargaɗe ta kada ta rufe ƙofa a fuskar kowa. Sojoji kan faɗo ba sanarwa, kuma ma'aikacin da aka ce ya kori majinyaci, a ranar yake ajiye farar riga.

Ƙurar babur ɗin na kwantawa, ta ciro mantaleta ta shafa.

Wunin ya wuce da zawo da ƙyanda da yara masu kumburin ciki. Ƙafar Tanna ta wanke ta a gurguje, fuska a gefe. Da yamma ta tara kayan aiki ta zuba a tukunya, ta ɗora a murhun gawayi da ke kusurwar ɗakin, ta shiga share daɓe.

A shekarun wadata, da warhaka ana jin luguden mata daga kowane gida. Bana babu abin dakawa. Abin da ya rage na ƙara shi ne ƙudaje, masu yini suna kuka a jikin taga.

Sai ta lura su ma sun yi shiru.

Warin ne ya fara isowa. Ya ratsa mantaletar kamar babu ita. Ba warin gyambo ba ne, wanda ta sani. Wannan akwai dafaffen nama a cikinsa, naman da aka dafa aka manta da shi a rufe, da wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashi mai manne wa maƙogwaro.

Ta ɗaga kai. Mace ce tsaye a bakin ƙofa, doguwa, lulluɓe da baƙin zane, da goyo a baya. Ba ta yi sallama ba.

"Likita," ta ce, da murya ƙasa-ƙasa.

Zuhura ta ce an tashi daga aiki, ta dawo da safe idan Majo ya iso.

"Da magariba aka yi mashi," in ji matar. "Da magariba za a gyara."

Zuhura ta tuna sojoji, ta tuna sunanta da bai tafi Tasawa ba. Ta jingine tsintsiya, ta kunna fitilar ƙwai, ta nuna teburin da ake kwantar da majinyata. Matar ta shigo. Daɓen da aka share yanzu, mai ɗaukar sawun ko ƙadangare, bai nuna komai a bayanta ba. Zuhura ta gani. Ta ce wa ranta hasken ne ba shi da kyau.

Matar ta kwance majanyi. Zanen goyon ya manne da bayan yaron, sai da ta ɓanɓare shi a hankali. Ƙarar ta yi kamar ana ɗaye ɗanyar fata daga jikin rago.

Ta kwantar da shi rub da ciki. Teburin ƙarfe ne, ya sha ɗaukar manyan maza. Ya yi ƙara, ƙafafunsa suka ɗan lotsa.

Yaron bai wuce girman wanda aka yaye ba. Fatarsa launin toka. Daga ƙeya har zuwa ƙugu babu fata. Ta saluɓe ta naɗe a gefe-gefe kamar ɓawon dafaffen dankali, abin da ke ƙasa kuma ya yi kore da rawaya, yana ƙyalli. Yana motsi. Sai da ta matso da fitila ta gane abin da ke motsin. Tsutsotsi ne, farare, masu ƙiba, sun cika kwarin bayan suna nutso suna fitowa.

Yawu ya cika mata baki. Ta haɗiye. Ta tambaya, kamar yadda aka koya mata, ko ƙuna ce, kuma garin yaya.

"Yana wasa bakin ƙofarmu," matar ta ce. "Wata ta watso."

Zuhura ta sauko da farantin sauran kayan aiki daga kantar magani, ta ɗauki hantsaki. Akwai wani abu a tsakiyar ciwon, naman ya fara rufe shi. Ta kama, ta ja. Ya fito da tsawo, yana ɗiga.

Guntun ƙyallen ɗaurin ciwo ne. Irin na gwamnati, mai shuɗin zare a gefe. A duk faɗin yankin babu mai irinsa sai gidan likitan nan. Abin nan rawaya yana nan manne da shi.

Shi ne wanda ta watsa a juji.

Yaron ya juyo da kai. Ƙirjinsa na kan tebur, bai motsa kafaɗa ba, amma fuskar ta zagayo gaba ɗaya har ta fuskance ta. Idanunsa a tsaye suke, ba a kwance ba. Bakinsa cike da haƙora, manya, jajaye, irin na tsohon da ya shekara yana cin goro.

Bai yi kuka ba. Kallonta kawai yake.

Wuyanta ya fara juyawa bango da kansa, kamar yadda ya saba.

Wani yatsa ya tare mata haɓa. Sanyi ƙalau, kuma jiƙe. Ya mayar da fuskarta kan yaron. Sannan ya hau, ya bi ƙarƙashin hancinta daga dama zuwa hagu, ya share mantaletar tas. Abin da ya jiƙa yatsan ya zauna a wurin.

Warin ya shige ta gaba ɗaya. Ta ji shi a harshe. Ta ji shi a bayan idanu.

Sai ta ji murfin tukunya ya faɗi a daɓe.

Matar ba ta gusa daga gefenta ba. Murhun kuma yana can kusurwa, nesa da tebur. Amma tafasar ruwan da take ji daga can, yanzu a saman kanta take jin ta. Allurai na kaɗawa a ciki, ƙyal, ƙyal. Tururi na sauka a ƙeyarta.

A jikin bango fitila ta zana inuwar hannu guda, dogo fiye da kima, riƙe da tukunya ba ko ƙyalle.

"Dube shi," matar ta raɗa. "In kika kau da kai, hannuna ma ya kau."

Ɗigo ɗaya ya faɗo mata a wuya. Ta ji fatar ta tashi.

Bisimillar da ba ta yi ba a juji, a nan ta yi ta. Tukunyar ba ta gusa ba.

Ta jawo kwalbar ruwan wanke ciwo. Ta zuba. Tsutsotsin suka taso sama.

Ta shiga tsince su. Ɗaya. Ɗaya. Kowace ta faɗa faranti da ɗan sauti mai laushi, ta ci gaba da murɗawa.

Wata ta fashe a bakin hantsaki.

Amai ya taso mata har maƙoshi, mai ɗaci. Ta haɗiye shi. Ya dawo. Ta sake haɗiyewa.

Ta ɗauki almakashi, ta fara yanke matacciyar fata. Wani ƙulli a gefen kafaɗa ya ɓule, ruwansa ya fantsamo mata a kunci, da ɗumi, ya gangaro zuwa gefen baki.

Idonta ya rufe. Kanta ya karkace, kaɗan.

Ruwan ya zubo.

Ba duka ba. Kamar cikin ludayi. Ya sauka a kafaɗarta ta hagu, ya bi cikin farar riga. Ta ji naman yana dahuwa. Ihun ya zo, ta danne shi da haƙora, domin mai ihu yana ɗaga kai.

Ta mayar da ido kan ciwon.

A nan ne ta ga hannuwan yaron. Ya riƙe gefen teburin, ƙarfen ya lanƙwashe a cikin 'yan yatsunsa. Duk sanda almakashi ya taɓa shi sai jikin ya ɗauki ɓari, amma bakin a rufe. Haka Tanna ke riƙe gefen tabarma. Ba ta taɓa gani da ido ba, tunda fuskarta na bango. Ƙarar karan tabarmar kawai takan ji.

"Sannu," ta ce masa. "Saura kaɗan. Sannu."

Ta yanke. Ta wanke. Ta sake wankewa har jan nama ya bayyana. Hancinta, da babu abin da ya toshe shi, ya nuna mata wani lungu a ƙarƙashin haƙarƙari inda ruɓar ta ɓuya. Ta buɗe shi, ta kwashe. Ta shafa magani, ta shimfiɗa ƙyalle, ta naɗe bandeji. Da ta zo ɗaga shi don ta zagaya da bandejin, ta kasa ko motsa shi. Shi ya ɗaga kansa.

Ta ɗaure. Ta tsaya, hannuwa a kan tebur, ido a kan yaron.

Tafasar ta yi nisa da kanta. Ta ji gindin tukunya ya taɓa daɓe a hankali.

"Ki bar ruwan ya huce," matar ta ce.

Ta ɗauki ɗanta kamar ba shi da nauyi, ta saɓa a baya, ta ɗaura majanyi. Ta nufi ƙofa.

Da Zuhura ta yi shiru, da watakila a nan maganar ta ƙare. Amma an horar da ita, kuma horo ba ya tambayar wane ne majinyaci. Babu ma'aikacin jinyar da ke ɗaure ƙuna ya bar mai ita ya fita ba tare da ya faɗi wannan kalma ba. Bakinta ya faɗe ta kafin hankalinta ya iso.

"Sai an riƙa sake mashi bandejin. In an bar shi, ruɓewa zai sake yi."

Matar ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Har yaushe, likita?"

"Har ya warke."

"Ke kika faɗa." Muryar ta yi laushi, kamar ta mai murmushi. "Namu ba su warkewa da sauri irin naku."

Zuhura ta tambaya, da ƙyar, ta yaya za ta san lokacin da za su dawo.

"Na bar maki a hanci."

Ƙofa ta zama wayam. Ƙudaje suka dawo jikin taga gaba ɗaya. Daga masallaci ladan ya ɗaga murya, kamar duk abin nan bai ci ko ƙiftawar ido ba.

Da rarrafe Zuhura ta fita. A bakin rumfa ta yi aman da ta riƙe, har ba abin da ya rage. Tanna ta jawo ƙafarta ta iso gare ta, ta dubi kafaɗar, ta ɗauko 'yar gorar ruwan shanta, wanda shi ke nan gare ta har gobe, ta tsiyaye shi duka a kan ƙunar. Da aman ya ɓata mata zane, ba ta kau da kai ba.

"Sannu, ɗiyata," ta ce. "Sannu."

Washegari Majo ya dawo ya tarar da tukunya a tsakar ɗaki, ruwan ya huce, da tebur mai lanƙwasasshen gefe, da faranti wanda babu komai a ciki sai toka. Ya tarar da Zuhura durƙushe a rumfa, kafaɗa a ɗaure, fuskarta dab da ƙwaurin Tanna, tana wanke gyambon a natse. Gwangwanin mantaleta na cikin kwandon shara. Ya daɗe yana kallo. Game da tebur ya yi tambaya sau ɗaya, ba ta amsa ba, shi ma bai sake ba. A makon sunanta ya tafi Tasawa.

Ta ci gasa, ta yi karatunta a Yamai, ta fito da babban dipulom. An yi mata tayin ɗakin haihuwa, ta ƙi. Daga baya an yi mata tayin kujera a ofishin lafiya na Maraɗi, inda babu jini babu ƙuda, ta ƙi. Ɗakin masu ƙuna da gyambo ta zaɓa, a can ta ƙare aikinta. Ɗaliban da suka bi ta hannunta suna tuna ta da abu biyu: duk wadda ta kama da mantaleta a aljihu sai ta koma gida ranar, kuma ba a zubar da ruwan zafi a inda take, ko da tsakar rana ne. Sukan ce ba su taɓa ganin mace marar ƙyama irinta ba.

Sun yi kuskure. Ƙyamar ba ta bar ta ba ko na yini guda. Warin ne bai bar ta ba. Ta wanke ƙarƙashin hancinta da sabulu, da toka, da alkol ɗin goge wurin allura, har fatar ta ɗaye. Yana cikin tuwonta. Yana cikin turaren da aka yi mata ranar aure. Da aka miƙo mata 'yarta ta fari, ta kai hanci kan jaririyar kamar kowace uwa, shi ta ji. Tun daga shekarar farin ba ta sake cin dafaffen nama ba. Ciwon mutane bai dame ta ba ne kawai domin babu wanda ya kai wanda take ɗauke da shi.

Kuma warin ba ɗaya yake ba kullum. Majo ya yi gaskiya, hanci na karanta ciwo. Wani lokaci yakan lafa, ya koma na ɗanyen nama mai tsabta, ta san ana samun sauƙi. Wani lokaci zaƙi-zaƙin nan ya dawo ya manne mata a maƙogwaro. Ranar da ya dawo, duk garin da aiki ya kai ta, takan sallami kowa kafin magariba, ta jera almakashi da hantsaki da sabon bandeji, ta bar ƙofar baya a buɗe.

Yanzu ta tsufa, ta koma Mayahi, gwamnati ta sallame ta da takardar yabo. A ƙuryar gidanta akwai wani ɗaki da jikoki ba sa shiga, da teburin ƙarfe wanda maƙeri ya ƙara wa ƙafafu. Maƙwabta sun san ba a yi mata sallama da magariba.

Ciwon ya ragu. Da faɗin baya ne, yanzu bai wuce tafin hannu ba. Yaron kuma ya fara tsayi, har ƙafafunsa na leƙowa daga ƙarshen tebur.

Hannun Zuhura ne ya fara rawa. Kwanan baya uwar yaron ta tsaya tana kallon yadda hantsaki ke kaɗawa a yatsunta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya, da muryar nan ƙasa-ƙasa, ko gaskiya ne jikar Zuhura, Asma'u, ta shiga lakkwal ɗin jinya.